Baƙon da Muka Miƙa wa Ƙetaren Kogi

Na zauna a garuruwa da dama, na ga abubuwa iri-iri, wasu sun gushe daga raina kamar ban taɓa ganinsu ba. Amma akwai wata musayar 'yan wasan ƙwallon kwando da aka yi a Landan wajen ƙarshen shekarun tamanin, wadda ko tsufa ya cinye sauran tunanina, ita ba zan manta da ita ba.

Lokacin ina zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Whitechapel, ina aikin tafinta a asibiti da kotu, domin zaman da na yi a Abidjan da Jidda ya bar mini Faransanci da Larabci. Wani abokin aikina Bature ne ya fara jana kallon wasan. A Ingila ta wancan zamani ƙwallon kwando ba ta da tagomashin ƙwallon ƙafa. A zauren motsa jiki na ƙaramar hukuma ake yin ta, inda kana zaune kana jin ƙarar takalman 'yan wasa da hakinsu. Duk da haka sana'a ce, ana biyan albashi, har daga Amurka ake ɗauko mutane. Ban ankara ba na zama ɗan gani-kashe-nin ƙungiyar ɓangarenmu, arewacin kogin da ya ratsa birnin. Babbar abokiyar hamayyarmu kuwa tana kudu, a ƙetaren ruwa.

A can kudun, a Deptford, nake da wani amini, Alhaji haifaffen zangon Kumasi, mai shagon doya da manja da daddawa. Kakanninsa Kanawa ne, ni kuma Bazazzagi, don haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Yana da ɗa haifaffen Landan, dogo har sai ya sunkuya kafin ya shiga shagon, kuma ƙungiyar kudu ta ɗauke shi. Sai dai ɗauka ce ta zaman benci. Suna da wani Ba'amurke gwanin jefa ƙwallo a kwando, kowace ƙwallo hannunsa take zuwa, sauran su tsaya kallo. Alhaji bai taɓa taka zauren ba, kuma a gabana ya yanke wa yaron hukunci: “Idan kakar wasan nan ta ƙare kana ɗumama katako, ka ajiye ka zo ka kama awon doya.” Yaron yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa. Ranar kuwa kansa kawai ya sunkuyar.

Ana tsakiyar kaka, sanyi ya kankama, sai labari ya zo cewa ƙungiyarmu ta ɗauke Ba'amurken nan nasu. Abin da muka ba su a madadinsa shi ne wani ɗan Senegal da ya fara manyanta, mai ɗaurarriyar gwiwa, wanda muka ɗauko daga Faransa amma kocinmu bai cika sa shi ba. Murna a wajenmu ba a magana. Muna da namu gwanin, ga na biyu ya ƙaru, su kuma an cire musu ƙashin baya. Na taɓa ganin cinikin raƙuma a Sudan inda aka ba mutum tsohuwar taguwa aka karɓe masa amale, to haka na ɗauki abin.

Ran Asabar na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na ƙetara musamman don in yi musu jaje. Tun daga bakin ƙofa na ɗaga murya: “Alhaji, ashe haka Allah ya yi da ku? Allah ya ba da haƙuri, ya sa iyakar wahalar ke nan!”

Ya ce, “Kai Bazazzagi, ajiye surutu. Yau dai ga ranarka ta zo. Shigo ka ji abin da bawan Allah nan yake faɗi.”

Ina leƙawa sai ga ɗan Senegal ɗin zaune a kan buhun shinkafa, jakarsa a gabansa. Ashe ɗakin da yake ciki a arewa na ƙungiyarmu ne, da aka sallame shi aka karɓi makulli. Sabuwar ƙungiyar ta sama masa ɗaki a saman wata mashaya, ga kiɗa, ga wari, bai ma san abin da ake zuba masa a faranti ba. Ɗan Alhaji ne ya gan shi yana salla a lungun ɗakin canza kaya, ya jawo shi gida. Na yi masa sallama da Faransanci, fuskarsa ta washe kamar wanda ya ga ɗan garinsu. Wata da watanni ina kallonsa a bencinmu, ban taɓa sanin rashin Turanci ne ya rufe masa baki ba.

A nan ne al'adar zango ta tashi. Duk inda na je a ƙasashen kurmi na tarar da ita: baƙo in ya sauka, sai ya sami mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya raka shi kasuwa, ya tsaya a kan cinikinsa kada a cuce shi. Alhaji ya tsani wasan nan, amma a gidan masu masauki aka haife shi. Ya ce, “Gaya masa ya samu gida. Ubana bai taɓa barin baƙo ya kwana a kasuwa ba, ba a kaina za a fara ba.” Hajiya ta sa aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin yaron, ta cika masa kwano da shinkafa da wake.

Ni ma ban tsira ba. Alhaji ya ce baƙo ba ya ciniki ba tafinta, saboda haka na sami kaina ina bin su wajen atisaye, ni da nake addu'ar kada su ci ko wasa ɗaya. Da bakin mutumin nan ya buɗe sai ga ilimi yana zuba. Ya ce in gaya wa koci, tunda mai cin ƙwallo shi kaɗai ya tafi, to a bar ta ta zaga hannu biyar. Ya ce dogon yaron nan ba gunki ba ne da za a dasa shi a gindin kwando, yana da gudu, a bar shi ya ruga, shi zai nemo shi da ƙwallo. Ina fassarawa, na kuwa san wuƙar da za a yanka mu da ita nake wasawa. Su biyun kuma ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, hanya ɗaya. Kafin wani lokaci ko magana ba sa bukata, kallo ya ishe su.

Ranar da za mu kara da su, wata Lahadi ce da rana, a zaurensu. Ina isa sai ga Alhaji cikin babbar riga fara ƙal, Hajiya a bayansa da filas ɗin shayi. Na ce, “Alhaji, ɓatan hanya ka yi?”

Ya ce, “Baƙona zai shiga kasuwa, ni in zauna a shago? In labari ya kai Kumasi in ce me?”

Ya ja ni na zauna kusa da shi a tsakiyar magoya bayansu, da hular ƙungiyarmu a kaina. Aka fara. Gwanayenmu biyu kowa yana son ƙwallo ɗaya. Wannan ya karɓa ya ƙi bayarwa, wancan ya ɗaga hannu yana masifa. Alhaji, wanda bai san ko dokar wasan ba, ya taɓa ni: “Waɗancan biyun naku, gado suke rabawa?” A ɗaya ɓangaren kuwa baƙon nan ba ya gaggawa. Yana tafe yana buga ƙwallo a ƙasa kamar mai yawon shan iska, yana kallon gabas, sai ka ga ta fita yamma ta faɗa hannun wanda ba kowa a kansa. Waɗanda a da suke tsayuwar kallo, duk sun farka.

Can koci ya ɗaga wa yaron hannu, ya tashi daga benci. Bai daɗe da shiga ba baƙon ya wurga ƙwallo sama, kamar ya yar da ita. Sai ga yaron ya taso daga baya a guje, ya cafe ta a iska ya danna cikin kwando. Zauren ya kaure. Alhaji ya miƙe tsaye, hannun riga yana shara kan mutanen gaba, yana ihu: “Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!” Hajiya tana jan rigarsa tana cewa ya zauna ya ji kunya, ita kanta hawaye take yi tana dariya. Yaron bai sake komawa benci ba sai da aka tashi. Sun lallasa mu, ba ƙaramin duka ba. Abin mamaki, ni da aka ci, na kama kaina ina tafi.

Bayan an watse muka tsaya a bakin ƙofa har suka fito. Alhaji ya gyara tsayuwa ya ce da ni, “Tambayar mini baƙona, tsakaninsa da Allah. Yaron nan zai ci abinci da wannan sana'a?”

Na tambaya. Mutumin ya dubi yaron, sannan ya ce, “Zai ci, har ya ciyar da wasu. Amma da saura, ƙafarsa ta hagu ba ta san aikinta ba tukuna.”

Alhaji ya gyaɗa kai, don ɗan kasuwa ya fi yarda da wanda ya faɗi aibin kaya. Ya kama hannun ɗansa ya sa a cikin hannun baƙon, ya ce, “To ga shi nan, amana. Ka gyara ƙafar. Doya kuwa ni da Hajiya mun isa.” Na fassara. Yaron ya buɗe baki, muna jiran Turanci, sai muka ji ya ce, “Na gode, Baba.” Alhaji ya juyo gare ni ya ce, “Kai kuma Bazazzagi, gobe ina zuwa yi maka jaje.”

Har kakar ta ƙare ƙungiyar kudu tana gabanmu, yaron kuma ya yi shekaru yana cin abinci da wasan. Tun daga ranar na daina auna ƙarfin jama'a da sunan wanda ya shigo ko wanda ya fita. Mu mun riƙe mutum wata da watanni ba wanda ya tambaye shi abin da ya sani, su kuwa suka ba shi ɗaki da kwano da kunne. Abin da na koya ke nan: kafin ka yi murnar abin da ka karɓe wa abokin hamayya, tsaya ka duba da kyau abin da ka miƙa masa da hannunka.