Neman Bagauda a Bakin Baffa Idi

Rijiyar Zaki

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, na fita. Mahaifina ne ya aike ni, watansa uku a kwance. An ce gidanmu jinin Bagauda ne, sarkin Kano na farko. Ni malamin tarihi ne, ban taɓa yarda ba, don ban ga hujja ba. Baba ya ce wansa, Baffa Idi, ya haddace jerin kakanninmu tun daga kan sarkin.

"Je ka rubuto mini, Habu. Ina so in ji kafin in tafi."

Bichi

Bas ba ta cika ba sai bakwai saura. Direba ya ga littafi a hannuna, ya ce, "Malam, ina zuwa?"

"Neman sarki."

"To ai ka baro shi a birni."

Shinge biyu muka wuce, takwas da kwata muka iso. Na karya da koko da ƙosai, ban ma ji ɗanɗanonsu ba.

Watari

Wata motar ta kai ni Bagwai, daga nan ɗan acaɓa ya ratsa da ni gonakin albasa, minti ashirin. Na tarar da Baffa yana ban ruwa. Muka gaisa, na faɗi saƙo. Sai ya ce:

"Ashe bai gaya maka ba. Shekarar da ya dawo daga karatu ya ji ina jero su a wurin suna, ya ce maguzanci ne. Gaban jama'a ya sa na dafa Alƙur'ani, na rantse ba zan ƙara ba."

"Baffa, ai akwai kaffara."

"Na yi, da na ji ya kwanta ciwo. Azumi uku. Na buɗe baki, wallahi babu. Abin da ba a faɗa ba shekara arba'in, ina zai zauna?"

Har azahar yana ƙoƙari, yana dafe goshi. Suna huɗu suka fito, na kusa-kusa, waɗanda ni ma na sani. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin tuwon da aka kawo.

Gida

Na iso ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baffa, wanda ya haɗo ni da kwandon albasa ya ce in gaida ƙaninsa.

Baba ya ce, "Nawa ka samo?"

"Huɗu."

Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Ranar sunan nan, Idi ya kai kan kaka na goma sha biyu, na katse shi. Da na bari ya ƙarasa, Habu, da ko ni na riƙe wani abu."