Gajeriyar Ƙofar Kafinta

Kafinta muke ce masa, har 'ya'yansa in suna ba wani labarinsa haka suke cewa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne ko da babu abin da zai auna. Ni kuma Dogo yake ce mini. Wanki da guga na yi har ƙarfina ya ƙare. Unguwa ɗaya muka tashi, kuma babu mutumin da na daɗe da shi kamarsa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani game da shi tun hannuna yana iya riƙe biro.

Rabin ƙofofin tsohuwar unguwarmu aikinsa ne. Ƙofarsa ba ta kuka, ba ta cijewa da damina. Guda ɗaya ya ɓata, ita ce ta ɗakinsa. Lokacin da zai yi aure, da ragowar katakon aikin mutane ya haɗa ta. Katakon bai kai ba, sai ya auna da tsayinsa, ya ce ai shi zai riƙa shiga. Daga baya ruwan sama ya dinga shiga ɗakin, aka ƙara ƙasa a bakin ƙofa, sai ta ƙara gajarta, har shi kansa sai ya sunkuya.

Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa barinsa ya huta da maganar ba. Takan ce, "Na auri kafinta don in huta, ga ni kullum ina ruku'u ba a kan sallaya ba." Shi kuma ya ce, "Gobe zan gyara." Ni na fi kowa shan wahalar ƙofar nan. Da ta ji sallamata sai ta ce daga ciki, "Dogo, sunkuya," amma sau da yawa kafin ta rufe baki na riga na yi karo. Sai ta ɗauko cokali, ta tsoma a ruwan sanyi, ta ba ni in danna bayansa a kan ƙullutun, tana dariya.

A ɗakin ta rasu, 'yarsu tana firamare. Ba a daɗe ba aka tashi unguwar, aka ce kwari ne, ruwa yana kwanciya. Aka ba mu wuri a wani gefen gari. Motocin rusau suka baje komai, aka zuba ƙasa, aka shuka ciyawa, wurin ya zama filin ƙwallon lambu, wanda masu yinsa ke kira golf. Goben da zai gyara ƙofa ba ta zo ba.

Kafinta ya samu aiki a kulob ɗin masu wasan, yana yi musu benci da akwatunan ajiye kaya, ni kuma ya samo mini wankin tawul. Ranar Litinin manyan ba sa zuwa, sai a bar ma'aikata su taɓa. Ya tattaro tsofaffin sandunan da aka yar, ya naɗe musu mariƙi da robar tayar keke, ya ba ni rabi. Wasan ba shi da wuyar faɗi: ka bugi 'yar farar ƙwallo da sanda, ka bi ta, ka sake bugu, har ta faɗa ramin da aka kafa wa tuta, sannan ka wuce rami na gaba. Ba mu iya ba, ba ma kuma ƙirga bugu. Doka guda ya riƙe kamar farilla: inda ƙwallo ta faɗi nan za ka buge ta, ba a ɗauka da hannu.

Yakan ce, "Dogo, kai da sandar nan ban san wa ke riƙe da wa ba."

In ce, "Kai dai ka yi nesa da doguwar ciyawa, kar in rasa ka."

Bayan mun bar aiki ma ba a hana mu Litinin ɗinmu ba. Abin da ba mu taɓa yi a filin ba shi ne zancen unguwa. An tada tudu inda babu, an haƙa tafki inda babu, ko ka so ka gane inda gidanku yake ba za ka iya ba.

Bara mantuwa ta fara kama shi. Ya ajiye zarto a cikin firiji. Ya tambayi 'yarsa ko uwarta ta dawo daga kasuwa. Wata rana aka tsince shi a tashar mota bai san wace zai shiga ba. 'Yar tasa malamar makaranta ce, ita da mijinta da yaranta suke zaune da shi, Malama muke ce mata. Wanta kuma yana can wani gari mai nisa, a gidan bene, ya ce a kawo masa tsohon ya zauna inda ake kulle ƙofa. Kafinta ya ji zancen, ya ce mini in za a kai shi can, to a haɗa da likkafani a cikin kaya.

Malama ta same ni a gida. Ta ce, "Baba Dogo, kai ne kake wuni da shi. Litinin ɗin nan ka lura mini da shi, ka faɗa mini gaskiya. In har a filin ma ya fara ɓata, zan bar Yaya ya zo ya ɗauke shi."

Na ce mata to.

Aka kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai safiyar Litinin ya ɗauke. Na so mu fasa, amma na tarar da Kafinta a ƙofar gida da jakarsa a kafaɗa. Da muka isa, mai gadi ya dube mu ya ce, "Iyayena, yau ko kwaɗi sun ɗauki hutu." Duk da haka ya buɗe mana.

Babu kowa a filin. Babu masu yankan ciyawa, babu kukan tsuntsu. Wani farin tururi yana tashi daga ƙasa iya gwiwa, takalmanmu suna nutsewa suna fitowa da ƙyar. Ramukan farko lafiya muka yi su. Ya san kowace sanda, ya san inda kowace tuta take, har ya yi mini tsiya da ƙwallona ta faɗa ramin yashi da ya cika da ruwa. Raina ya fara yin sanyi, ina shirya abin da zan faɗa wa Malama.

Sai muka hau tudun da ake bugowa daga kansa zuwa cikin kwari. Na leƙa ƙasa, na tsaya.

Ruwa ya kwanta a kwarin, amma ba irin kwanciyar da na saba gani ba. Layi-layi ya yi, a miƙe kamar an ja da igiyar magini, yana karyawa yana haɗewa, ɗaki-ɗaki, gida-gida. Ina jin duk inda tsohon tushen gini yake, ƙasa ce ta ɗan zauna. Tsakanin gidajen ga lunguna na ciyawa. Na gane layin famfo. Na gane kwanar shagon mai gyaran keke. Na gane gidan da aka haife ni.

Kafinta ya ce, "An buɗe unguwa." Haka ya faɗa, kamar mai cewa an kawo wuta.

Ya kafa ƙwallonsa ya buga. Tuta tana hagu, ƙwallon ta karkace dama, ta sauka a cikin wani ƙaramin ɗaki. Ya ɗauki jaka ya gangara, na bi shi.

Bai nufi ƙwallon kai tsaye ba. Lungu ya bi. In ya zo kwana sai ya karya, ko da yake babu bango, ciyawa ce kawai da siririn ruwa. A wani wuri ya matsa gefe ya janye jakarsa, kamar mai ba wani hanya. A kwanar shago ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da aiki." Ya ɗan saurara, ya ce, "Ai kuwa, ruwa ya yi gyara."

Na san abin da wannan yake nufi in na koma wurin Malama. Na yanke in sha gabansa, na tsallake layin ruwa guda, na tsallake na biyu.

Ya ce, "Dogo, ta cikin gidan mutane kake bi? Da girmanka?"

Ban san dalili ba, kunya ta kama ni. Na koma lungu na bi bayansa.

Da muka isa ɗakin da ƙwallon take, na ga layin ruwan ya zagaye shi sai wuri guda da ya yanke, daidai faɗin ƙofa. Ya tuɓe takalma a nan. Ya yi sallama, ya sunkuya, ya shiga da jakarsa. Ni hankalina yana kan in kamo hannunsa, na bi shi a tsaye.

Wani abu ya buge ni a goshi. Ƙwam, irin ƙarar katako. Na tsinci kaina a zaune cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, idona yana ganin taurari. Na duba sama, babu komai sai gajimare. Babu bishiya kusa, babu turke. Na taɓa sandunan da ke bayana, suna nan cikin jaka.

Kafinta bai ko juyo ba. Ya ce, "Ai ta ce ka sunkuya."

Ba zan ce na ji muryar matarsa ba. Na ji wani abu dai kafin karon, na ɗauka ruwa ne yake tsiyaya a ƙarƙashin ciyawa.

Na rarrafa na shiga. Iska tana kaɗawa a filin, ina ganin tutar can tana motsi, amma a inda muke babu iska. Wurin yana ƙamshin sabon katako da aka goge. Kafinta ya je gefen da gadonsu yake a da, ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafafu. Fuskarsa ta saki, rabon da in gan ta haka tun kafin mantuwa ta fara.

Ya ce, "Ka je, Dogo. Ni na iso."

Na ce, "Malama tana jiranmu."

Ya ce, "Tana makaranta. In an tashi za ta shigo."

Wanki ya koya mini abu guda: in riga ta maƙale a ƙusa, ba a fizga. Na san in na ja shi zai turje, in kuma na tafi kiran mai gadi, ban san wa zan dawo in tarar ba. Na zauna tare da shi har sanyi ya ratsa wandona. Ƙwallonsa tana tsakiyar ɗakin, fara tas, ko taɓo bai taɓa ta ba.

Can na ce, "To ƙwallon nan fa? A tsakar ɗakin mutane za ka bar ta, wani ya taka ya faɗi? Bari in ɗauke maka."

Na miƙa hannu.

Ya ce, "Kar ka taɓa."

"To ya za a yi da ita?"

"Inda ta faɗi nan ake buge ta. Sau nawa zan koya maka?"

Ya miƙe da ƙyar, ya zaro sanda. Tuta tana bayansa, fili fetal tsakaninsa da ita, amma ya ba ta baya ya fuskanci ƙofa. Ya ce, "Matsa. Sai ta ƙofa, kuma ƙasa-ƙasa." Ya buga. Tun da muke wasan ban taɓa ganin ya yi bugu mai kyau irin wannan ba. Ƙwallon ta fita ta tsakiyar ƙofar, ta gangara cikin lungu.

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya juya wajen kusurwar ɗakin, ya ce a hankali, "Gobe zan gyara." Ya ɗauki jaka, ya sunkuya, ya fita ya sa takalmansa. Ni har ƙasa na duƙa.

Lungu-lungu ya fitar da ƙwallon har bakin tuta. Da na waiwaya daga rami na gaba, ruwan ya fara janyewa, layukan sun cuɗe, kwari ne kawai.

Mun isa gida Malama ta dawo daga aiki. Kafinta ya shiga ya kwanta. Ta kawo mini kujera a tsakar gida, ta tsaya.

"Baba Dogo, ya ɓata?"

Na ce, "Bai ɓata ba. Ko lungu ɗaya bai kuskure ba. Amma ba a filin yake tafiya ba."

Na faɗa mata komai, har gaisuwar mai gyaran keke, har zamansa, har cewa da ya yi ya iso. Ban rage ba, tun da gaskiya ta roƙa. Tana saurare, amma idonta yana kan goshina. Ta matso ta ɗaga hulata. Daga baya na gani a madubi: ƙullutu ne, da shatin layi a miƙe a tsakiyarsa, irin na gefen katako.

Ta shiga kicin. Na ji ƙarar famfo. Ta fito da cokali yana ɗigar ruwa, ta danna mini bayansa a goshi.

Ta ce, "Ba ka sunkuya ba."

Na ce, "Ban sunkuya ba, 'yata."

Ta daɗe riƙe da cokalin. Sannan ta ce, "Da kansa ya fito?"

"Ƙwallo ya bi."

Ta ɗauki waya ta kira wanta a gabana. Ta ce masa Baba yana nan, ba inda za shi. Na ji muryarsa tana tashi daga can, ta bar shi ya gama, ta ce, "Yaya, in muka kai shi inda babu ƙofar da ya sani, ta ina zai fito?" Da ta ajiye wayar sai ta ce mini sharaɗi guda ne: in an yi ruwa mai yawa, kar mu je sai da ita.

Har yanzu muna zuwa. Mantuwar tana ƙaruwa, wani lokaci sai ya daɗe yana kallona kafin ya ce Dogo. Ruwa irin na ran nan bai sake sauka ba, amma damina ba ta ƙare ba, kuma na ga Malama ta sayi takalmin roba ta ajiye a bayan ƙofa. Ni dai duk sanda muka zo wurin nan a kwari, ina sunkuyawa. Masu yankan ciyawa sun ɗauka ciwon baya ne.