Ɗigo Ɗaya a Kan Ƙaf

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba ƙagaggiya ba ce. Da rana tsaka ta faru, kuma a kaina ta faru. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, na kuwa ce kada a tsallake mini ko inda na ji kunya.

Ba karatu ne ya kawo ni Alƙahira ba, ba kuma fatauci ba. Mutuwa ce. Ɗana ya zo neman ilimi tun yana saurayi, ya zauna, ya auri 'yar Masar, Allah ya ba su 'ya mace guda. Yarinyar tana da shekara biyar mota ta kife da su ita da uwarta. Uwar ta riga mu gidan gaskiya, yarinyar ta tashi da ƙafar hagu wadda ba ta ɗaukarta sai da ƙarfe da sanda. Aka aiko mini. Na bar ɗakina da tumakina, na hau jirgi karon farko a rayuwata, na zo na riƙe jikata.

A unguwar Hayyus Sabi' muke zaune. Uban yakan fita da sassafe zuwa unguwar Darrasa, ya yi karatunsa, ya tsare wani shagon littattafai har magariba. Ni ce mai kai ta makarantar gwamnati da ke bayan masu kayan marmari, ni ce mai ɗauko ta. Shekara uku ajinsu yana ƙasa, ba mu san wata wahala ba. Da ta shiga aji huɗu aka ce ajin ya koma can sama, hawa na uku. Matakala sittin da biyu. Na san adadinsu, don da bayana na ƙirga su.

Goyo nake yi. In durƙusa a gindin bene, ta hau, in ja zane in ɗaure, sandarta a hannuna. Matan unguwa suka riƙa tsayawa kallo, don su a kafaɗa suke ɗaukar 'ya'ya, ba su saba ganin majanyi ba, balle a kan 'yar shekara tara.

"Teta, sauke ni kafin kwanar ƙarshe," in ji ta. Haka take kirana, wato kaka, irin na dangin uwarta. "'Yan ajinmu suna leƙe."

"Su leƙa mana. Wacce a cikinsu take da raƙumi nata na kanta?"

"Raƙumi mai nishi!"

"Ke kuma buhun gero mai baki."

Wata rana na makara wajen ɗauko ta, ta ce bari ta sauko da kanta. Sandar ta zame, ta gangaro, haɓarta ta tsage. Uban ya dawo ya ga ɗinki uku a fuskar 'yarsa. Can ya ce, "Inna, ke gwiwarki ta ƙare, ita kuma ga abin da ya samu. In aka dawo hutun tsakiyar shekara ajin nan bai sauko ba, ta bar makarantar. Sauran makarantun na kusa duk benaye ne. Sai ta zauna gida in riƙa koya mata abin da ya sawwaƙa."

Yarinyar tana bayan labule tana ji. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki littafin lissafinta ta sa a ƙarƙashin matashi, kamar wani zai ƙwace.

Na je na sami shugaban makarantar da ɗan Larabcina na kasuwa. Ya ce akwai ɗaki ɗaya a ƙasa da ba kowa, amma ba shi kaɗai zai yanke abin da za a yi da shi ba, sai da majalisar iyaye da malamai, wadda ake sake zaɓe a farkon shekarar karatu. Majlisul umana suke ce mata. Da na ji kalmar amana a ciki, zuciyata ta ɗan kwanta.

Kujerun iyaye duk an daidaita a kansu ba jayayya, sai guda ɗaya. Mutum biyu suke nemanta. Ɗaya mai gidan burodin bakin titi ne, ƙato, mai fara'a, wanda ɗansa ke aji shida. Shi so yake a zuba kwamfutoci a ɗakin, don yana da tagogin ƙarfe, ɓarawo ba ya shiga. Ba mugun nufi ba ne, na shaida. Ɗayar kuma ma'aikaciyar jinya ce, siririya, ba ta cika dariya ba, 'yarta ajinsu ɗaya da jikata. Ita ce ta tare ni wata safiya a kan bene, ta taɓa kafaɗata, ta kira ni Hajiya irin ta bakinsu, ta ce, "Ya Hagga, in na hau kujerar nan, wannan goyon ya ƙare." Ta bi gida-gida tana faɗa wa iyaye. Ni ma na bi matan ɗalibai 'yan uwanmu da 'yan Sudan da na sani, duk mai ɗa a makarantar, ina roƙo.

Ranar zaɓe ta zo daidai da jarrabawar ɗana. Ya rubuta takarda cewa ni ce a madadinsa. Yana sa takalmi yana yi mini bayani.

"Sunaye biyu ne a takardar, Inna. Na ma'aikaciyar jinya yana farawa da ƙaf, na mai burodi da fa. Kada ki biye wa yadda suke kiranta, mutanen nan haɗiye ƙaf suke yi in suna magana. A rubuce ƙaf ne. Ko in ce wata malama ta nuna miki?"

"Ƙaf zan ɓata? Tun ba a yi tunanin haihuwarka ba na san ƙaf."

Ya yi dariya ya fita.

To, nan sai in koma baya kaɗan. Mahaifina malamin zaure ne. Kafin a cire ni a sa ni aikin gida, na yi shekara biyu a gabansa da allo. Ban yi nisa ba, amma baƙaƙe sun zauna mini daram. Da yatsansa ya kama nawa ya nuna mini: fa, ɗigonta a ƙasa, ƙaf, ɗigonsa ɗaya a sama. Abin da na gada daga gare shi ke nan, shi da ƙananan surori. Shekara sittin ina riƙe da shi kamar zobe.

Bayan azahar aka taru a farfajiyar makaranta, an jera kujerun yara, iyaye ƙatti sun zauna gwiwoyi a ƙirji. Mai burodi ya yi magana aka tafa. Ma'aikaciyar jinya ta yi tata gajeriya, ta nuna bene da hannu, ta zauna. Aka fara kira ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina, wata malama mai tabarau ta miƙo mini takarda, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "In karanta miki, ya Hagga?"

Da na ce i, da wannan labarin bai samu ba. Amma akwai mata a bayana, waɗanda suka saba ganina durƙushe a gindin bene. Na so su ga cewa baƙar tsohuwar nan ma 'yar malam ce. Na ɗaga hannu na ce, "Ana arfa." Wato na sani.

Na duba takardar. Suna na sama ya fara da baƙi mai kai zagayayye da ɗigo biyu. Ban san shi ba, na ce ƙila wata irin fa ce ta injin bugawa. Na ƙasa kuwa ga shi nan sak, kai zagayayye, ɗigo ɗaya a sama. Ƙaf ɗin babana. Na yi bismilla, na dangwala masa alama, na ninke, na jefa a akwati. Har wani sanyi na ji a raina.

Aka ƙirga a gaban kowa. Mai burodi ya ci da ƙuri'a ɗaya tak.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta riƙe hannuna biyu. "Ma'alish," in ji ta, wato in yi haƙuri. "Ke dai kin yi naki." Na dawo gida ina la'antar wanda ya yi mana alkawari ya saɓa, ina lissafa fuskoki a raina, wannan ce, a'a waccan ce.

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, jikata tana aikin gida a kan tabarma, ni ina tsince shinkafa. Na leƙa littafinta na ga baƙin nan mai ɗigo biyu, an jera shi layi guda.

"Wannan fa, wane ne?"

"Ƙaf mana, Teta."

"Ƙaf ɗigo ɗaya ne. Kin ƙara masa."

"Mai ɗaya ai fa ce. Kai, Teta! Ko 'yan aji ɗaya sun san wannan."

Ta buɗe littafin karatu ta nuna mini, shafi bayan shafi. Tiren shinkafar yana cinyata, ban san lokacin da ya zame ba. Da uban ya dawo na tambaye shi, ba tare da na faɗi dalili ba. Ya ce i, rubutun allonmu daban yake da na nan, shi ya daɗe da saba wa duka biyun har ya manta akwai bambanci. Sai ya tsaya ya dube ni. Na dube shi. Bai tambaya ba, Allah ya yi masa albarka, ya sunkuya yana kwashe shinkafa daga ƙasa.

Mako uku na yi ina ɗauke da abin nan. Goyon yarinyar bai kai shi nauyi ba. Da na sa alamar inda ya kamata, da ma'aikaciyar jinya ce ta ci da ɗaya. Wadda nake la'anta ashe da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Na fara zuwa wurin ma'aikaciyar jinya, don ita ce mai haƙƙi. Na faɗa mata a ƙofar gidanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malamar ba ta ce za ta karanta miki ba?" Na ce ta ce. Sai ta ce, "Khalas, ya Hagga," wato shi ke nan, ta rufe ƙofa a hankali. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Daga can ban koma gida ba, na wuce gidan burodi. Ana tsakiyar aiki, mutane sun yi layi, shi yana tsaye da gari har gira.

"Ahlan ya Hagga! Guda nawa?"

Na ce ba burodi ya kawo ni ba. Larabcina ya ƙare a nan, sai na share gefen teburinsa, na baza gari da tafin hannu. Na zana fa irin tamu, ɗigo a ƙasa. Na zana ƙaf irin namu, ɗigo ɗaya a sama. Na nuna ƙirjina na ce, "Ƙasarmu." Sannan na nuna mai ɗigon sama, na nuna shi, na yi alamar jefa takarda a akwati. Na ce, "Ba kai ba. Ita."

Ya dubi garin, ya dube ni. Wani tsoho mai rawani a cikin layi ya leƙo ya ce gaskiya ne, haka mutanen yamma suke rubutawa, ya taɓa gani a tsofaffin littattafai. Mai burodi ya fashe da dariya har yana dafa tebur. "Jama'a ku ji! Ashe a kan ɗigo nake zaune!" Layi duka ya ɗauka. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya har suka gama, na ce masa da kalmomin da nake da su, "Ƙuri'ata tana hannunka. Ba kyauta ba ce. Amana ce."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce an riga an sa hannu a takardu, shi ba zai sauka ba, kuma ya yi wa mutanensa alkawarin kwamfuta. Na ce na ji. Ya cusa mini burodi mai zafi a hannu, na ajiye masa a kan tebur na fita.

Wata guda ban ji komai ba. Sanyi ya shigo, gwiwata ta kumbura, ina hawa ina hutawa sau huɗu. Wata safiya na durƙusa a gindin bene sai na ga ƙafafu da gari a gabana. Mai burodi ne, ya zo taron majalisa. Bai gaishe ni ba ma. Ya karɓi sandar yarinyar daga hannuna, ya biyo mu a baya, matakala bayan matakala, yana jin numfashina. A hawa na biyu shi ma ya tsaya yana haki. Da muka kai ya miƙa wa yarinyar sandarta, ya tambaye ni, "Kullum?" Na ce, "Sau biyu."

Abin da aka faɗa a taron ban sani ba, ba na ciki. Na dai ji an yi gardama, wasu sun ce ya ci amanarsu. Da aka dawo hutun tsakiyar shekara, muka tarar da sunan aji huɗu a ƙofar ɗakin ƙasa. Kwamfutocin aka hau da su sama, aka sa musu ƙofar ƙarfe. Jikata ta shiga aji da ƙafarta da sandarta, ba ta ko waiwayo ni ba. Na tsaya riƙe da zanen goyo ban san inda zan sa shi ba.

Mai burodi bai sake cin zaɓe ba, mutanensa ba su yafe masa ba. Yana nan a bakin titi, in na wuce yakan ɗaga yatsa biyu ya ce, "Ɗigo biyu, ya Hagga, biyu!" Ma'aikaciyar jinya ba ta ƙara neman kujera ba. Aka mai da ita wani asibiti a hayin kogi, suka tashi. Kafin ta tafi mun haɗu sau ɗaya a kasuwa, ta amsa sallamata, ba ta tsaya ba. Har yau ina sa ta a addu'a, ban san ko ta huce ba. Ɗana ya gama karatunsa, yana koyarwa, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Jikata tana sakandare, an cire mata ƙarfen, sandar ce ta rage, kuma ita ce take rubuta wannan da kuke karantawa. Ni kuwa gwiwar ba ta koma ba, a zaune nake salla. In aka miƙo mini takarda yanzu, nakan ce a karanta mini.