Dariyar da Aka Ji a Bidiyon

A shekarata ta biyu ta karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ɗalibai 'yan Najeriya na jami'armu suka naɗa ni kocin ƙungiyarsu ta ƙwallo. Ba iyawa ta sa ba. Gwiwata ce ta hana ni bugawa, kuma na girme su duka, har Yaya suke ce min. Na kafa dokoki masu tsauri: wanda ya makara atisaye ko ya yi wa alƙalin wasa gardama, sai zaman benci.

Wata Asabar muka ci wata ƙungiya ta ɗaliban Malay a gasar jami'a. Golansu yana da in'ina, in zai kira 'yan bayansu sai maganar ta sarƙe masa. Bayan wasa muka tafi shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, a unguwar Setapak muna cin gurasar roti da shayi. Nan ɗan gabanmu, wani Bazazzage mai barkwanci, ya miƙe yana kwaikwayon in'inar golan. Wani ya ɗauka a waya.

Kafin Talata bidiyon ya zagaya ɗalibai. Ma'aikaciyar jami'a da ke kula da wasanni ta kira ni ofishinta, ta gaya min golan ya daina zuwa aji, ta tambaye ni matakin da zan ɗauka. A ranar na dakatar da ɗan gaban wasa uku, har da na kusa da ƙarshe. Bai yi musu ba. Ya dai daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Da na koma gida na ba matata labari ina jin na yi daidai. Ta karɓi wayata ta kalli bidiyon sau biyu.

"Abban yara, dariyar wa ce wannan da ta fi ta kowa ƙarfi?"

Tawa ce. Fuskata ba ta fito ba, amma duk wanda ke teburin ya san ni ne. Kwana biyu ina ba kaina uzuri, wai ai ba ni na yi kwaikwayon ba. Ranar Alhamis na tara 'yan wasan, na ce hukuncin da na yanke ya hau kaina ni ma, na miƙa wa kyaftin usur.

Washegari bayan Juma'a ni da ɗan gaban muka hau jirgin ƙasa zuwa Titiwangsa, inda golan ya yarda ya same mu a bakin tafki. Muka ba shi haƙuri. Ya ɗauki lokaci kafin maganarsa ta fita, muka yi shiru har ya gama. Ya ce tun yana ƙarami ya saba da tsokana, abin da ya yi masa ciwo shi ne ƙanwarsa ta ga bidiyon ta nuna wa mahaifiyarsu. Ya ce ya yafe, muka yi musabaha.

An cire ƙungiyarmu a wasan kusa da ƙarshe. Ni da ɗan gaban muka kalla daga bayan shinge, ana yayyafi, laima ɗaya muka raba. Golan ya koma aji, muna gaisawa in mun haɗu a masallaci, amma bai sake tsare raga ba har na gama karatuna.