Kalmasar da Ka Sa Na Bari a Wandon Guntu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina zura zare a allura aka kawo mini labarin rasuwarka, Likita. Allurar ta faɗi, har yau ban gan ta ba.

Ni tela ne, karatuna ya tsaya inda malamai suka gaji da ni, amma a kanka bakina ba zai yi shiru ba.

Ka tuna ranar da na kawo maka ɗana, wanda unguwa ke kira Guntu? Ɗan shekara sha biyar da jikin ɗan goma. Kullum ciwon kai, kullum karo da gefen ƙofa, ƙirjinsa ya kumbura har wani farin ruwa na jiƙa masa riga. Tsiyar abokai ta hana shi makaranta. Ni kuwa, sarkin dabara, sai na dinga ɗinka masa riguna masu faɗi. Uwarsa ta ce da almakashi na warkarwa, da tuni an ba ni asibiti.

Ka sa shi ya kalli hancinka, kana kaɗa yatsu ta gefen kunnuwansa. Na ce a raina, yau na kawo yaro wurin ɗan wasa. Ashe ganinsa na gefe kake aunawa, kuma ganin ya fara raguwa. Bayan gwajin jini da hoton kai, ka bayyana mini cewa ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake. Tsiro ne ya fito mata, take ta zubo furolaktin, sinadarin da ke kawo wa mai jego nono. Shi ya tare wa yaron girma, tsiron kuma yana danne jijiyar ido. A wasu yaran, ka ce, wani magani ne ke jawo haka, ko ciwon nan mai kawo maƙoƙo.

Na tambaya ko zai makance. Ka ce in an dage da shan ƙwayoyi, tsiron zai motse da yardar Allah. Sannan ka kama ƙafar wandonsa.

"Tela, ka riƙa barin kalmasa mai yawa. Za ka warware ta."

Na bari don kunyarka, ba don na yarda ba. Ido ya washe, rigar ta bushe, murya ta buɗe, ya koma aji. Na warware kalmasa har yadi ya ƙare.

Ranar jana'izarka Guntu ya sa kafaɗa a makara, sai ta karkace, don ya fi kowa tsawo. Wani dattijo ya ce masa, "Kai Dogo, ɗan rusuna mana." Na yi dariya da hawaye a tsakiyar jama'a, Allah Ya yafe mini. Na san da kana gani, da ka riga ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka da 'ya'yanka da abokan aikinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka kamar yadda ka zama sanadin hasken idon ɗana, Ya yalwata maka shi fiye da duk rigar da na taɓa ɗinkawa. Amin.