Bulus Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Dogon Dutsi

Tun da duhun asuba muka isa tasha, ni da yayana Bulus. Inna ce ta aiko daga Dumega: Baba ya shekara da rasuwa, za a yi masa addu'a a cocin Katolika, tana son ganin 'ya'yanta. Iyayenmu Katolika ne. Mu biyu tun muna makaranta muka koma Furotesta, Bulus har ya zama fasto. Tsorona ɗaya, kada ya ƙi halarta, tsohuwa ta ji kunya gaban mutane.

Kore Mairuwa

Jandarma sun duba takardunmu, muka sayi ƙosai da kunu. Nan Bulus ya ɗauko zancen.

"Nuna mini ayar da ta ce a roƙa wa mamaci."

"Yaya, ni ba aya nika biɗa ba, Inna nika tunani."

Direba ya ce mu ƙarasa wa'azin a cikin mota, rana na yi.

Tibiri zuwa Dumega

A Tibiri muka hau kabu-kabu. Rairayi ya sa muka sauka sau da dama muna turawa. Da la'asar muka iske Inna kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura, carbinta a hannu. Bulus ko furar da aka ba mu bai gama sha ba ya soma magana.

"Inna, wannan addu'a babu ta cikin Littafi. Al'ada ce."

"Ni ban iya karatu ba, Bulus. 'Ubanmu wanda ke sama' ma a bakina ka fara jin ta, ba a takarda ba."

"Ita tana rubuce, Inna."

"To, madalla."

Raina ya ɓaci, na kwana ban yi masa magana ba.

Da safe amalanken da zai kai Inna coci bai zo ba, ga shi an buga ƙararrawa. Bulus ya cire kwat ɗinsa, ya durƙusa, ya goya ta. Haka ya ratsa gari da ita, mutane na kallo. Ya sauke ta a ƙofar coci, na kama hannunta muka shiga. Shi ya tsaya nan cikin rana har aka tashi. Bai ce amin ba, bai kuma tafi ba.

Komawa

Washegari da azahar muka sauka Dogon Dutsi lafiya, mun gode Allah, mun gode wa mutanen Dumega. A hanya na tuna abin da Inna ta ce wa wata maƙwabciya da ta tambayi dalilin da fasto bai shiga ba.

"Bai yarda ba. Amma wa kika ga ya kawo ni?"