Tsohon Kamshaf a Ƙarƙashin Bencin Baba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ina tsoron in yi kuskure a kan mamaci. Amma shekaranjiya ina sharar garejinmu na Tudun Wada, sai tsintsiya ta taɓo wani buhu a ƙarƙashin bencin Baba, maigidana da ya koya mini gyaran mota. Tsohon kamshaf ne a ciki, wani dogon ƙarfe na cikin injin mota, har yanzu yana warin baƙin mai.

Daga motar wani ma'aikacin lafiya ɗan kudu, mai aiki a Bungudu, muka ciro shi. Injinta irin mai kashe rabin silinda ne don rage shan mai, kuma ya fara ƙwanƙwasa. Baba ya kafa sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne kan mariƙin, ya lumshe ido, goro a kunci. Wuni biyu muka yi, muka cire tsarin kashewar, muka sa sabon kamshaf.

Na ɗauki tsohon zan ba 'yan gwangwan, sai Baba ya riƙe hannuna.

"Aje mai abinai, yaro. Ko ƙusa ce, amana ce."

Mai motar bai dawo karɓar tsohon ƙarfen ba, an ce an canja masa wurin aiki. Baba ya rasu bara, ni kaɗai nake buɗe garejin yanzu. Tsorona kada a tambaye shi wannan ƙarfen gobe kiyama. Allah ya jiƙansa, ya sauke masa kowane nauyi.

Don Allah, wanda ya san inda mutumin yake, ya gaya masa ajiyarsa tana nan.